Bunsurun da Ya Ƙi Yarda

Goggona Nikandara makiyayiya ce a gindin dutsen Killene. Tun rasuwar mijinta ba ta da abokin hira sai bunsurunta, Glaukos, wanda ta raina da hannunta bayan kerkeci ya ɗauke uwarsa. Wari gare shi kamar me, amma ka kuskura ka faɗa a gabanta, ranar ba ruwanka da cukunta.

Wata shekara Telesiyas, mai hidimar haikalin allanmu Harmis, ya zagayo neman dabbar da za a yanka ran biki. Garin nan cike da awaki, sai ya nuna Glaukos, wai shi kaɗai ne ba tabo. Kowa dai ya san bunsurun ya taɓa tunkuyinsa a kasuwa har ya zauna cikin kwandon zaitun.

Goggo ba ta yi musu ba. Ni kam na tsorata, don shirunta bai taɓa zama alheri ba.

A wurinmu ba a yanka wa alloli dabba sai da yardarta. Ana yayyafa mata ruwa a ka, in ta kaɗa kai, ta yarda ke nan. Wace dabba ce ruwan sanyi zai taɓa ba ta kaɗa kai ba? To, kwana ashirin Goggo ta yi tana sheƙa wa Glaukos ruwa safe da yamma. Ya motsa kai, babu komai. Ya tsaya cak, a miƙa masa ɓaure. Ɗan banza, cikin mako guda ya gane.

Ran biki aka rataya masa furanni, masu sarewa na gaba, har bakin bagade, wurin yanka. Telesiyas ya yayyafa ruwa. Glaukos ya kalle shi. Telesiyas ya ƙara, bunsuru ya juya wajen Goggo yana jiran ɓaure. Dariya ta fara fita ta hancin mutane. Cikin haushi Telesiyas ya ɗaga tulun gaba ɗaya ya watsa. Ruwa ya fallatsa kan ragonsa na kansa, wanda ya ɗaure a gefe don a gani a yaba. Rago ya kaɗa kai har sau uku, a idon kowa.

"Ranka ya daɗe," in ji Goggo, "ga mai so can yana ta roƙo."

Ragon aka yanka. Kasonta na nama kuwa ta cinye shi tas, tana yaba kiwon Telesiyas.

A hanyar gida na tambaye ta ko ba ta tsoron fushin Harmis. Ta ce allan da ya sace shanun wansa Apolo ranar da aka haife shi, ya kuma koma shimfiɗa ya yi kamar bai san komai ba, ai yau yana can yana riƙe da ciki don dariya.

Glaukos ya mutu da tsufa, ba haƙori ko ɗaya. Ta yi kuka sosai, ni ma na taya ta.

Bayan shekaru zazzaɓi ya kwantar da ita, har muka fitar da rai. Ina shafa mata ruwa a goshi ina hawaye, sai ta buɗe ido ɗaya.

"'Yar nan, juye tulun duka," ta ce. "Ban yarda ba."

Sai da ta ƙara shekara huɗu.