Gugan Kaka

Ranar da na ce wa Mama zan shuka ruwan rijiyarmu, dariya ta yi har da riƙe ciki. "Ke 'yar nan, karatun ne ya fara taɓa ki? Ruwa ake shukawa? To, in ya tsiro a sammana iri."

Ban yi dariya ba, don lokacin autarmu, 'yar shekara uku, gudawa ta sa ta gaba. A kai ta asibiti ta warke, ta dawo gida ta sake kwantawa, har wuyanta ya yi tsawo. Likita ya ce a duba ruwan sha. Baba, da ke aiki a wata ma'aikata a Doka, sai ya kawo buhun siminti ya dire a zaure. Rijiyar zai toshe. Ita kuwa marigayiya Kaka, mahaifiyarsa, ce ta sa aka haƙa ta sadaka, kuma duk layinmu a Kinkinau nan suke ɗiba in famfo ya ɗauke, kowa da gugansa.

Ni ina shekarar ƙarshe a karatun aikin ɗakin gwaji, ƙarshen shekarun casa'in, ga rawar kai. Na roƙi Baba ya ɗaga mini ƙafa. Na ɗebi ruwan a kwalbar da aka dafa, na rungume ta a bas kamar jaririya.

Shukar ba wuya. Ana shafa ɗigon ruwa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumi ya kwana. Washegari na buɗe, sai ga ɗige-ɗige kore shar suna sheƙi kamar bayan ƙudan bola. Na yi tsalle na buga ihu, na manta ƙanwata ce wannan abin ke kayarwa. Wallahi daɗi na ji, ga abokin gaba ido da ido!

Malamarmu ta kwantar mini da kai. Ta ce wannan ƙwayar tana cikin hanjin kowa, yawancinta ba ruwanta da mutum. Mai cutarwa ita ce wadda ta gaji wata ƙwayar halitta da ke sa ta fitar da dafi. Sai an aika wani babban ɗakin gwaji mai injin karanta wannan gadon kafin a sani. Da na ba Mama labari ta ce, "Ashe su ma akwai 'yan gidan mugun hali."

Kafin a aika, malamar ta tambaye ni ko masai na kusa da rijiyar. Na ce yana can ƙarshen gida. Ta ce to ta ina take shiga? Na yini ina zaune a bakin rijiya ina zare ido kamar mai gadi. Nan na ga abin da nake gani tun ina yarinya ban taɓa lura ba. Kowa zai zo da gugansa, ya dire shi a ƙasa gefen kwata yana gaisawa da Mama, igiya na jan laka, sannan ya zunduma shi ciki. Na bi gugunan da auduga ina gogewa don a haɗa a aika tare da ta rijiya, matan layi na ta tsiya wai 'yar boko ta zo yi wa guga allura.

Sakamakon ya daɗe, har Baba ya yi magana da magini. Muna ta dafa ruwa, auta na ɗan murmurewa. Ranar da ya iso, malamar ta nuna mini: gadon dafin nan yana cikin ƙwayar rijiya, yana kuma cikin ta gindin guga. Ban san lokacin da na kai gida ba, takalmi ɗaya a hannu.

"Baba, kada a toshe! Rijiyar Kaka ba ta da laifi, daga waje ake kawo mata!"

Ya juya ya share ido da hannun riga. Simintin nan aka ɗaga bakin rijiyar da shi, aka zuba mata magani, aka yi murfi. Baba ya sayo guga ɗaya, ya kafa masa ƙusa a bango da hannunsa.

Bayan 'yan makonni wata maƙwabciya ta shigo da tsohon gugan gidanta a hannu. Auta, kumatu sun dawo, ta sheƙo da gudu ta tare ta.

"Ajiye naki a waje," in ji ta. "Ga na Kaka can."