Hoton Baba da Baffa

Har yau idan na ji an tayar da injin niƙa, sai na tuna da Baba da Baffa. Ka yi mini haƙuri mai karatu, a hankali zan faɗa.

Baba da ƙanensa, Baffa, inji ɗaya suka haɗa a bakin layinmu a Potiskum. 'Yan ƙabilar Karai-Karai ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Baba masallaci yake zuwa, Baffa coci. Ranar Juma'a Baffa ke riƙe injin, ranar Lahadi Baba. Lokacin sabon gero sukan dawo gida fari fat da gari, har kakarmu, da muke kira Iya, ta ce ba ta gane wanda ta fara haifa.

Ina firamare abin ya faru. Da la'asar ne, ina tsaye a ƙofar gida. Mutum biyu suka tsaya a kan babur, suka zaro bindigogi daga cikin riguna. Mata suka watse, kwanonin hatsi suka kife. Ɗayan ya daka tsawa, wane ne Kiristan? Baba ya shiga gaban Baffa ya ce, "Ƙanena ne." Shi suka fara harbi, sannan Baffa. Injin bai daina juyawa ba. Garin da ke zuba ƙasa ya jiƙe ya yi ja, ba wanda ya iya matsawa ya kashe injin.

Bayan sadakar arba'in wata baturiya mai aikin kare haƙƙin ɗan Adam ta zo da tafinta. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta yi gaisuwa da kyau. Tafintan ya ce labarin tsirarun da ake kashewa suke tattarawa, don duniya ta ji.

Nan gardama ta tashi a zaure. Kawu ya ce ai mu Karai-Karai duka tsiraru ne a ƙasar nan. Maƙwabcinmu ɗan kudu mai shagon magani ya ce shi a garinsu Kiristoci ne masu yawa, sai a nan ya zama tsiraru. Baturiyar ta ce gaskiya ne, su ma can a wurin aikinsu ba su gama yarda a kan ma'anar kalmar ba, amma wannan aikin na tsirarun addini ne. Wato Baffa ya shiga, Baba bai shiga ba.

Hoto ɗaya muke da shi, su biyun a jingine da injin. Iya ta ɗauko. Tafintan ya ɗora tafin hannunsa a kan fuskar Baba don a ɗauki ta Baffa kaɗai da kyamara. Ina kallo.

"Ɗana, ɗage hannunka," in ji Iya.

"Iya, ƙa'ida ce, ba ni na yi ba."

"Wancan da ka rufe, a gaban wannan ya faɗi. Ku ɗauka duka ko ku bari."

Baturiyar ta mayar wa Iya da hoton. Daga baya suka tafi ba su ɗauka ba.

Yanzu gari ya lafa, wurin injin ya zama shagon cajin waya. Wani lokaci nakan ji masana a rediyo suna ja-in-ja kan su wane ne tsiraru, kuma ba na cewa aikinsu banza ne. Ni dai hoton yana bangon ɗakina. Ranar da 'yata ta tambaye ni wanne ne kakanta, ban nuna mata ɗaya ba. Na kama yatsanta na bi da shi kan fuskokin biyu.