Gwaggo ta sa littafin Rabi a murhu

Saura shafi tara in gama littafin, Gwaggo ta shigo duba ni. Kwana shida ke nan da yi mini aiki a ciki.

"Mi kike karantawa, ɗiyata?"

"Labarin garin aljanu ne, Gwaggo."

"Subhanallahi! Da ɗanyen ɗinki kike kiran iskoki cikin ɗaki?"

Ta fizge shi, ta fita, ta cusa a murhu. Ko tashi ban iya yi ba.

Littafin ƙawata Rabi ne, daga Yamai aka kawo mata. Ko buɗe shi ba ta yi ba, ta ce in fara tunda ni ce a kwance.

Har yanzu zuciyata tafasa take. Gobe Rabi za ta zo. Don Allah, da wane baki zan gaya mata?