Kyamarar da Ba Ta Tari

Tsohuwar kyamarata ta kai buhun shinkafar kasuwar Singa nauyi, ko ma ta ɗara. In na rataya ta a wuya na shiga ɗaurin aure a Fagge, darewa mutane suke yi kamar sun ga motar kashe gobara. In na danna ta kuwa, madubin cikinta ya ɗaga ya faɗo, ƙaras! Wannan tarin nata har Rijiyar Lemo ana ji. Shi ke gaya wa alhazai an gama, kowa ya saki tumbinsa ya yi numfashi.

Wuyana ne ya ci amanata. Da ciwo ya hana ni ko waiwaye, sai na nufi Sabon Gari wurin mai shagon da nake sayen kayan aiki. Ya fito da wata 'yar mitsitsiya, ya ce, "Oga, wannan ba madubi a ciki, ba nauyi, ba surutu." Na bar masa tsohuwar, na yi ciko, na fito ina taƙama.

Fitata ta farko da ita, ɗaurin auren autan wani Alhaji ne mai sayar da atamfa, wanda ni na ɗauki bikin duk 'ya'yansa. Na jera Alhajin da aminansa a ƙofar gida, na ɗauka, na sake ɗauka. Ba wanda ya motsa. Suna nan a ƙame, ciki a ɗaure, murmushi har ya fara bushewa.

"Malam, ka ɗauka mana, rana na dukanmu!"

"Ai na gama, Alhaji."

"Ka gama me? Ni ban ji komai ba." Ya leƙo hannuna. "Ina babbar?"

"Wannan ta fi ta, ranka ya daɗe."

"Wato da aka zo kan autana shi ne za ka zo min da abin wasan yara?"

Na nuna masa hotunan a bayan kyamarar, har zaren aikin wuyan rigarsa ana gani ɗaya bayan ɗaya. Ko kallo bai yi ba. Na lalubo inda ake kunna mata ƙara na kunna, ta yi wani ɗan tsiyit kamar ɗan tsako mai mura. Aminan suka kwashe da dariya, har da wanda ba shi da haƙori ko ɗaya.

Alhaji ya sa aka kira wani mai hoton. Yana saukowa daga adaidaita sahu na gane abin da ke wuyansa: tsohuwata ce, ga jar igiyar fatar da na sa dukawa suka ɗinka min, ga kuma kwarzanen ranar da na faɗa kwata da ita. Mutumin ko haske bai iya gyarawa ba. Ya danna, ƙaras! Tumbuna suka sauka gaba ɗaya.

"Yauwa," in ji Alhaji, "yanzu aka yi hoto."

Bana ya aurar da jikarsa. Ba a kira ni ba, amma daga shagona ina jiyo tarin tsohuwata. Wuya dai ya warke sarai. Yanzu ina iya waiwayawa in bi duk wanda ya wuce ƙofata bai shigo ba da kallo.