Akuyar da Ta Ƙi Zama da Kura

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji biyu na sakandare, Baba ya tarar da ni a tsakar gidanmu na Tudun Wada na ƙura wa kwamfutar Yaya Jummai ido, ga wanke-wanke can jibge a bakin rijiya. Yaya tana karatun jami'a a harabar Kongo da ke nan garinmu, ita ta fara koya mini rubuta wa na'urar umarni layi-layi. Baba kuwa kayan shiririta ya ɗauke ta. Ya gyara tsayuwa ya jefo mini tsohon wasa ƙwaƙwalwar nan: mutum zai haye kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalensa kuma abu ɗaya tak yake ɗauka. "In akwatin nan ya haye da su lafiya kafin magariba, ki ci gaba. In ya kasa, kada in ƙara ganin hannunki a kansa."

Wallahi ni kaina ban san amsar ba. Na rubuta mata dokokin, na ce ta gwada kowace hanya. Duk sanda na danna, sai ta watso mini magana ɗaya: babu hanya. Na goge, na sake, har la'asar, ina hawaye ina ce mata muguwa. Yaya ta tashi daga tsintar shinkafa ta ce, "Ba ta yi miki ƙarya ba, abin da kika ce take yi. Tashi, yau ke ce kwamfutar."

Kwatar da ruwan sama ke bi ta zama kogi. Ɗan baffanmu Lawal, sarkin mintsini, ya zama kura, ƙanena Sani akuya, tsintsiya harawa. Yaya na karanta umarnina, ni kuma ba ni da ikon yin abin da ba a rubuta ba. Na tsallakar da Sani, na dawo, na kai Lawal. Ina juyowa hannu rabbana kamar yadda na rubuta, sai Sani ya ƙwalla ƙara ya cafke zanena, ya rantse ba zai zauna da Lawal ba, ya biyo ni muka tsallako tare.

Na tsaya cak. Ashe ban taɓa ba mai kwalekwalen izinin dawowa da kaya ba! Na koma kan kwamfutar, layi ɗaya na gyara, na danna. Kafin in ɗage yatsa amsar ta jeru tsaf, har da wata hanya ta biyu da ko Baba bai taɓa ji ba. Ya sunkuya ya karanta, ya sake karantawa, ya ture hularsa baya. "Ikon Allah," ya ce a hankali. Sai ya jawo kujera ya ce in sake dannawa ya gani.

Yau da wannan sana'a nake ci, kuma na'urorin yanzu kan nuna wa mutum kuskurensa tun bai gama rubutawa ba. An shafe kwatar da siminti, Sani ya yi gemu, Baba ya riga mu gidan gaskiya. Na rubuta manyan abubuwa tun daga lokacin, amma babu wanda ya ƙara jawo kujera ya zauna kusa da ni haka.