Ƙofa Ce Ta Buge Ni

Mai Kitso ake ce mata a layinsu, kuma hannunta akwai sauri: kafin ki gama ba ta labari ɗaya ta kai ƙeya. Sai dai in za ki yi mata magana, ki zagayo ta dama. Kunnen hagun ya mutu tun yaranta suna ƙanana. In an tambaya, sai ta yi 'yar dariya ta ce ƙofa ce ta buge ta.

Kai, ƙofar gidan nan ta sha sharri! Ita ta fasa mata leɓe, ita ta karya mata haƙori, ita ta sa har yau in murfin tukunya ya faɗi sai ta kare fuska da hannu. Matan layi kuwa sun san ƙofar sarai, suna ganinta da hula tana amsa gaisuwa a bakin titi. Da Mai Kitso ta taɓa kai kuka gidan iyayenta, aka ce ta yi haƙuri saboda yara, mahaƙurci mawadaci. Ta dawo. Yanzu maigidan ya tsufa, hannu na rawa, ita ke ba shi magani. Ba ta jin haushinsa, ba ta jin tausayinsa, kuma wannan rashin jin ya fi komai ba ta tsoro.

Saboda yara dai. Da wannan take lallashin kanta, har ranar da 'yarta Auta, wadda aka aurar bara, ta zo kitso. An yi nisa da gefen dama, uwar ta sa kibiya ta tsaga hagu, sai ga kumburi bayan kunne, jini ya kwanta.

"Ƙofa ce, Mama," in ji Auta, tun ba a tambaye ta ba.

Har da 'yar dariyar. Kunya da baƙin ciki suka rufe Mai Kitso. Ashe abin da ta zauna ta koya wa yarinyar ke nan. "Ki yi haƙuri" ya zo mata har leɓe, ta haɗiye shi.

Ta fara tsefe abin da ta riga ta kitsa. Auta ta roƙe ta ta hanzarta, mijinta ya ce kada ta kai yamma.

"Wannan kitson ba na yini ɗaya ba ne," uwar ta ce. "Zagayo ta dama ki faɗa mini gaskiya. Ƙofar nan ni na san ta kafin ke."