Jan Salatif a Ƙarƙashin Kujera

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina a gareji!

Da hantsi wasu mutum biyu suka turo babur mai ƙafa huɗu, irin na shiga daji. Ɗaya da takalmin soja amma babu kaki. Ya ce da yaren Sango, "Ya ƙi tashi. Gyara yanzu."

Batir lafiya. Fulogi lafiya. Na bi wayar sensa har ƙarƙashin kujera, sai ga ɗauri da jan salatif. Wallahi ɗaurina ne! Ni na saka wa Alhaji Sabi'u mai shinkafa ɓoyayyen makunni a nan saboda masu ƙwace. Shekaranjiya aka tare direbansa a titin Koudoukou aka ƙwace babur ɗin, ashe ya danna makunnin kafin ya sauka.

Mai takalmin ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Sensar ta ƙone, patron. Sai an kawo daga Kamaru."

Suka kalli juna, suka bar babur ɗin suka tafi.

Na kira Alhaji na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce, "Mai takalmin yana da tabo a goshi?"

Na ce, "Ƙwarai."

Ya ce, "Innalillahi. Maigadin shagona ne!"